Mai Takalmin Takarda

"Ibu, me ya sa mutumin can yake gudu da takalmin takarda?"

Dayana ce ta yi tambayar, 'yata, shekararta biyar. Ibu take kirana, wato inna, babanta kuma Ayah. Muna zaune a kan matakalar siminti ta filin wasan unguwarmu ta Bedok a Singapore, bayan la'asar. Ƙaninta Irfan yana barci a ƙirjina, babansu Hazwan kuma yana zagaya filin gudu, rigarsa ta manne masa a baya.

"Wane mutum?"

"Wanda yake gefen Ayah mana. Shi ko haki ba ya yi."

Na duba. Akwai wasu tsofaffi biyu da ke tafiya da baya da baya kamar yadda suka saba, akwai wata mata da ƙaramar rediyo a ƙugu. Gefen mijina babu kowa. Na ce mata ta sha ruwanta, ta daina nuna mutane da yatsa. Sai da maganar ta fita na ji abin da na faɗa.

Ni ba matsoraciya ba ce. Labule nake ɗinkawa a wani shago, idan famfo ya lalace a gida ni nake kwance shi, kuma abin da aka koya mini tun ina yarinya shi ne wanda ya mutu ya tafi, ba ya dawowa yawo a filin wasa. Don haka na bar maganar yarinya, na zuba wa mijina ido da kyau, don abin da ya kawo mu ke nan.

Kamar kowane namiji a Singapore, Hazwan ya yi sojansa na shekara biyu tun kafin mu yi aure, kuma kamar kowa, ba su sake shi ba. Duk shekara sai saƙo ya shigo wayarsa, ya ajiye aikinsa na gyaran lif, ya koma bariki mako biyu a matsayin sojan ko-ta-kwana. A ƙarshe akwai gwajin ƙarfi. A dafa ƙasa ana sauka ana tashi, a kwanta rigingine ana tasowa, sannan gudu, zagaye shida kafin lokaci ya cika. Wanda ya faɗi sai ya yi ta zuwa horon cike giɓi da yamma, wata da watanni. Bara ya faɗi. Yana wurin horon nan naƙudar Irfan ta kama ni, wayarsa tana kulle a akwati, maƙwabciya ce ta kai ni asibiti. Ni na manta da zancen. Shi bai manta ba. Ya rantse bana sai ya ci.

Abin da na gani ranar ba mutum ba ne, layi ne. Filin gudu layi-layi ne, na ciki ya fi gajarta, kowa shi yake rububi. Hazwan a layi na biyu yake gudu. Babu kowa a na farko, amma ko a kwana ba ya taka shi.

A hanyar gida na ce, da sunan da mace take kiran mijinta a wurinmu, "Abang, ka san layin da kake bi ya fi tsawo?"

"Na sani."

"Bara da ɗan kaɗan ka faɗi. Wannan ɗan kaɗan ɗin a layin nan kake zubar da shi."

Ya goge fuska da gefen riga. "Wurinsa ne, Su."

Su yake kirana, gajeren Suriani. Bai faɗi sunan mai wurin ba, ni ma ban tambaya ba. Dayana tana gabanmu tana tsallake layukan tayil.

Kian shi ne abokin rakiyarsa. A soja ba a barin mutum shi kaɗai, ranar farko ake haɗa su biyu-biyu, ko bayan gida ɗaya zai tafi sai ɗayan ya sani. Hazwan ya samu Kian, wani siririn Basine ɗan mai sayar da taliya, mai surutu kamar rediyo. Kian gudu ba ya ba shi wahala, amma duk gwaji sai ya rage sauri ya tsaya a kafaɗar Hazwan ta hagu, yana ƙirga masa numfashi yana zaginsa. "Ɗaga ƙafa, buhun shinkafa! Kakata ta fi ka sauri, kuma ta mutu!" Hazwan bai taɓa cin gwajin nan ba sai da muryar Kian a kunnensa. Ranar aurenmu Kian ne ya riƙe masa laima, ya ci abinci har ya kwance bel.

Shekara uku da suka wuce, a zagaye na ƙarshe, Kian ya faɗi. Ba tuntuɓe ya yi ba. Ƙafafunsa ne kawai suka naɗe. Hazwan ya ɗauka wasa ne, har ya yi gaba kaɗan yana dariya kafin ya waiwaya. Daga baya likitoci suka ce zazzaɓi ne ya kwana biyu a jikinsa, ya taɓa masa zuciya. Kowace safiya a bariki ana auna zafin jikin kowa, nasa kuwa ranar lafiya lau ya nuna, don ya sha maganin zazzaɓi kafin awon. Dabara ce da kowane soja ya sani. Ba wanda yake son a ɗage masa gwaji ya dawo shi kaɗai wata rana, ba wanda yake son a ce rago ne.

Sauran kwana biyu su shiga bariki gidanmu ya koma wurin baje koli. Kaki a kan kujera, safa a kan tebur, kowane abu a cikin ledarsa: kyandir, ashana, igiya, allura da zare. Wandon ya ƙi maɓalli sai da na matsar da shi. Takalmin da ya shekara a kabad ya fara ruɓewa ta ƙasa, yana zubar da baƙin gari a tsakar ɗaki. Ya je ya aske kansa ƙwal, Irfan ya gan shi ya fashe da kuka.

Selvam ya zo ɗaukarsa da tasinsa. Selvam rukuninsu ɗaya tun farko, Ba'indiye, ƙato, shi ne na ƙarshe a kowane gudu kuma bai taɓa jin kunya ba. Tun rasuwar Kian shi aka haɗa da Hazwan.

"Kak Su!" Haka yake kirana, wai yaya, alhali ya girme ni da shekaru. "Me kike ba shi ne? Dubi yadda ya rame. Ni matata so take ƙasa ta ga inda kuɗin cefane yake tafiya." Ya daki tumbinsa.

"Kai dai bana ka yi ƙoƙari ka iso kafin a rufe filin."

"Ni? Ni ne mai tsaron baya. Idan abokan gaba suka biyo mu, wa za su fara samu? Wannan sadaukarwa ce, ba a ba da lambar yabo a kanta."

Hazwan ya yi dariya, dariyar gaske, wadda na kwana biyu ban ji ba. Na cusa masa ƙullin shinkafar kwakwa biyu a jaka, ɗaya nasa ɗaya na Selvam.

Kwanakin bariki ba su da wani labari. Jira ne ya fi yawa, in ji shi: a yi sauri a yi layi, sannan a zauna a ƙasa ana jiran mota. A goge bindiga, a mayar, a ce ba ta gogu ba. Wasu ranakun ana sakinsu da yamma su kwana gida, ya shigo yana warin man bindiga da taɓo, ya kawo wa Dayana biskit ɗin soja mai tauri da take so, ya yi barci a zaune kafin in zuba abinci. Ni kuma wanki. Kakin nan ba ya bushewa a damina, sai na rataye shi a gaban fanka.

Bana kiran ya faɗo a watan bakwai na Sinawa, watan da suke ƙona wa mamatansu kuɗin takarda da kayan takarda. Ko'ina a ƙasan benaye akwai gangunan ƙarfe suna hayaƙi, toka tana shigowa ta taga har hawa na tara. Mun saba. Abin da kawai ake koya wa yara shi ne kada su taka abin da aka ajiye a bakin hanya.

Wata yamma ina dawowa daga kasuwa da yaran na tarar da Anti Gek, mahaifiyar Kian, a gaban gangar da ke bayan benensu. Benensu yana kallon namu. Ta tsufa da sauri a shekarun nan. A hannunta akwai takalmin gudu na takarda, fari da shuɗi, har da igiyarsa, an yi shi da kyau kamar a saka.

Raina ya ɗan yi sanyi. Ashe nan Dayana ta gan shi. Yara ba sa mantuwa, bara ma ai ta wuce ta nan.

"Anti, kin ci abinci?"

"Na ci, na ci. Kawo jaririn in gani. Kai, ya yi kumatu." Ta taɓa ƙafar Irfan da bayan hannu don yatsunta duk toka ne. "Hazwan yana ciki?"

"Yana ciki. Ranar Juma'a za su yi gwajin."

Ta jefa takalmin a wuta, ta tsaya tana kallo har ya lanƙwashe.

"Duk shekara sabo nake aika masa," ta ce. "Mutane suna aika mota, suna aika gida. Ni takalmi. In na yi mafarkinsa gudu yake yi, Suriani. Bai kai layin ba ai. Kaɗan ya rage. To wanda bai kai ba yaya zai tsaya? Takalmin cinyewa yake yi." Ta juya tokar da sanda. "Na gaya wa Hazwan da ya zo gaishe ni. Na ce in ka shiga a kan lokaci, ka shiga da shi."

Ba da mugunta ta faɗa ba. Uwa ce. Amma kafin in hau lif na riga na gane abin da mijina yake ɗauke da shi a filin nan. Ba yammacinmu kaɗai yake gudu don ya ceto ba.

Sun yi kwana uku a daji ruwa yana dukansu. Ranar Alhamis aka sake su da wuri don su huta kafin gwaji. Ya shigo idonsa ya yi ja, ya ce gajiya ce. Ya ci loma biyu ya ture kwano. Da na zo karɓar tawul a wuyansa hannuna ya taɓa fatarsa, na ji kamar na taɓa butar shayi.

"Abang, jikinka da zafi."

"Ruwan wanka ne."

"Da ruwan sanyi ka yi wanka, ni na kashe hita."

"Su, don Allah."

"Ka gaya musu gobe. A ɗage maka."

"A ɗage zuwa yaushe? Na yi wata huɗu ina gudu a filin nan. Ban taɓa zama a shirye kamar yanzu ba. Mura ce, zuwa safe ta tafi."

"Shi ma haka ya ce?"

Ban taɓa yi masa magana irin wannan ba. Ya kalle ni kamar na mare shi. Sannan ya sunkuyar da kai ya ce, a hankali, "In na tashi da zafi zan gaya wa likita. Na yi alkawari."

Na yarda. Mijina ba maƙaryaci ba ne.

Da asuba muka yi salla. Na taɓa goshinsa, na ji shi da sanyi, har da ɗan gumi. Ya sa ma'aunin zafi a baki ya nuna mini, yana murmushi. "Kin gani? Likita Suriani, an sallame ni?" Na yi hamdala. Ya sa gajeren wando da rigar gudu, ya rataya jaka, Selvam yana ta danna oda a ƙasa. Ya sumbaci Irfan, ya fita.

Gari ya waye sosai ina dama wa Irfan kunu sai ga Dayana ta fito tana murza ido. Ta tsaya tana kallon ƙofar gida.

"Ibu, mai takalmin takarda ya yi fushi?"

"Dayana, na ce miki..."

"Ya tsaya a ƙofa ya buɗe hannu haka." Ta ware hannuwanta biyu, ta tare hanya. "Ayah bai tsaya ba. Sai ya kama masa riga ta baya. Kullum ma a fili haka yake yi, yana ja, Ayah yana ja."

"Ke da kike barci, ina kika gani?"

Ta ɗaga kafaɗa. "Zan sha Milo."

Na ajiye cokali. Ban yi tunanin fatalwa ba, wallahi. Abin da ya zo mini shi ne gumin nan mai sanyi a goshinsa. Zazzaɓin da ya sauka da kansa da wanda aka danne, duk gumi suke kawowa. Na ja kujera na hau, na sauko da gwangwanin biskit da muke ajiye magani a saman firji. Katin maganin zazzaɓin da na saya sabo shekaranjiya saboda haƙorin da ke damuna, an ɓalle gefe guda an tafi da shi.

Na kira wayarsa. Tana ta ƙara, bai ɗauka ba. Na sake. Ya kashe.

Na tsaya a tsakiyar kicin da gwangwani a hannu. Na san abin da kiran da zan yi zai jawo. Za a cire shi a gaban mutanensa, a ce matarsa ce ta kai ƙara. Zai rasa gwajin da ya yi wata huɗu yana shirya wa. Wataƙila a hukunta shi don ya ɓoye. Wataƙila kuma mura ce kawai, maza nawa ne suka yi wannan dabarar suka dawo gida lafiya suna ba da labari? Irfan ya fara kuka. Na kira Selvam.

"Kak Su! Kin kira ki yi mini addu'a? Yi sauri, sun fara sa mu shan ruwa, cikina kamar tanki."

"Selvam, Hazwan yana da zazzaɓi. Ya sha magani kafin awo."

Ina jin hayaniyar maza a bayansa, wani yana ihu a shanye ruwan a kifa gorar a kai.

"An auna shi, Kak. Lafiya lau."

"Na san an auna shi. Shi ma wancan an auna shi."

"Kak Su, ki saurara. Ya riga ya yi na farkon da na biyun, ya yi kyau, bai taɓa yin kamar yau ba. Gudun kaɗai ya rage. Zan bi shi a baya in sa masa ido."

"Kai? Kai da sai ya gama ya sha ruwa kafin ka iso?"

Ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ko'ina ba. "Ba a yin haka, Kak. Mutum ba ya tona abokinsa. Zai tsane ni. Duk rukunin za su..."

"Kafin gudu hafsa yana tambaya, ko ba haka ba? Hazwan ya gaya mini. Wanda ba shi da lafiya ya ɗaga hannu."

"Yana tambaya. Ba wanda yake ɗagawa. Tun da nake ban taɓa ganin an ɗaga ba."

"To yau kai za ka ɗaga."

"Ni lafiyata ƙalau."

"Ba don kanka ba. Me ya sa aka haɗa ku biyu-biyu? Don ku raka juna bayan gida?" Na ajiye gwangwanin. "Selvam, ina da yara biyu a nan. Ɗaya ko zama bai iya ba. Ba na son in san inda ake sayar da takalmin takarda."

Na ji an busa usur. Wayar ta katse.

Ban san yadda na yi safiyar nan ba. Na ba Irfan kunu. Na yi wa Dayana kitso, na kwance, na sake. Na wanke kwanukan da na riga na wanke. Ta taga ina hango gangar Anti Gek tana hayaƙi ita kaɗai. Duk lif ɗin da ya tsaya a hawanmu sai in leƙa ƙofa.

Wajen hantsi Selvam ya kira. Muryarsa ba wasa a ciki.

"Na ɗaga."

Na zauna a ƙasa.

"Hafsa ya ce, Kofur Selvam, me ke damunka, ko tumbin ne? Kowa ya yi dariya. Na ce ba ni ba ne, ranka ya daɗe, abokin rakiyata ne. Kak, ba ki ji shirun da aka yi ba. Hazwan ya kalle ni, da ido yana kisa da yanzu ana ƙona ni." Ya ja numfashi. "Likita ya sa masa abu a ƙirji ya daɗe yana saurare. Sun tafi da shi asibiti. Da ƙafarsa ya shiga motar, kada ki tsorata."

"Na gode, Selvam."

"Kada ki gode. Shekara uku da suka wuce a layi ɗaya nake da su da aka yi tambayar nan." Sannan ya ce, "Na yi gudun, kin sani. Na ƙarshe na zo, kamar kullum. Amma Kak, duk zagayen nan ba wanda ya zage ni. Saje ma bai ce komai ba."

A asibiti suka riƙe shi kwana biyu. Likitar, wata 'yar yarinya mai gilashi, ta ce bugun zuciyarsa ba daidai yake ba, ƙwayar cutar ta ɗan taɓa ta, ya huta wata uku babu gudu babu ɗaukar kaya. Na tambaye ta kai tsaye, da ya yi gudun fa? Ta ce ba za ta iya cewa ba. Wataƙila da ba abin da zai faru. Wataƙila. Ta maimaita kalmar sau biyu tana kallon takalminta.

Hazwan bai yi mini magana ba a asibiti, bai yi mini a tasi ba. A gida yana amsa sallama, yana cin abinci, yana wasa da yara, ni kuwa kamar kabad. Na bar shi. Wanda yake fushi yana numfashi, wannan ya ishe ni.

Jakarsa na kwance don wanki. Rigar gudun tana ciki a dunƙule, bai ko yi gudu a cikinta ba. A bayanta, can ƙasa wajen kalmasa, akwai toka. Ba yayyafi ba, irin wanda iska take kawowa. Wuri ɗaya ne, a tattare, yadin ya yamutse kamar an damƙe shi da ƙarfi. Watan bakwai ne, toka tana ko'ina, wataƙila ya jingina da wani abu. Haka na gaya wa kaina. Na tsaya da rigar a kan injin wanki na daɗe, sannan na kai masa ita falo na ajiye a cinyarsa, na gaya masa abin da Dayana ta ce, kalma da kalma, har da yadda ta ware hannu.

Ya daɗe yana kallon wurin. Ya sa babban yatsa ya shafa tokar.

"Ni na ɗauka so yake in yi sauri," ya ce.

Sai ya kifa fuskarsa a cikin rigar. Na ɗauke yaran muka shiga ɗaki.

An sa shi horon yamma bayan ya warke, watanni, kamar yadda na sani. Yammacin da ya rantse zai ceto mana duk sun tafi. Ni ke wanka, ni ke ba da abinci, ni ke kwantar da su. Ya shigo a gajiye in ɗumama masa miya. Da lokaci ya yi ya sake gwajin, a wani fili daban, cikin baƙin fuskoki, ya ci da ƙyar. Ban tambaye shi layin da ya bi ba. Selvam har yau wasu a rukunin suna kiransa ɗan rahoto, shi kuma yana cewa a ƙara masa da lambar yabo.

Na je na gaya wa Anti Gek cewa ya shiga a kan lokaci. Ta riƙe hannuna ta gyaɗa kai. Ban gaya mata sauran ba, ban san yadda ake gaya wa uwa irin wannan ba. Dayana kuwa da na tambaye ta kwanan baya, ta ce wane mutum? Ta koma kan zanenta. Har yanzu in muka je filin ba ta zama a matakalar ƙasa, kusa da layin farko. Ta ce wurin da sanyi.

Ban canza abin da na yi imani da shi ba. Wanda ya mutu yana wurin Ubangijinsa. Ban san abin da 'yata ta gani ba, ba na kuma nema in sani. Maganin zazzaɓi dai yanzu a jakata yake kwana duk lokacin da saƙon nan ya shigo.

Ke da naki yake da gwaji gobe, miji ne ko ƙane ko ɗa, ki taɓa wuyansa tun da yamma, kada ki jira safiya. In kin ji zafi, kada ki yarda da ma'aunin da zai nuna miki da asuba, kada ki yarda da murmushinsa, kada ki yarda da alkawarinsa ko da bai taɓa yi miki ƙarya ba. Ki hau kujera ki duba gwangwanin magani kafin ya sa takalmi. In kin ga an taɓa, ki nemi lambar wanda zai tsaya kusa da shi a layi, ki kira, ki bar shi ya yi fushin. Kada ki zauna kina jiran wani ya kama masa riga ta baya. Namu an kama, kuma bai tsaya ba.